Jigon Bakari

Gabas da birnin Haɗeja, kan hanyar Guri, akwai wani ɗan ƙauye a bakin kogi da ake kira Garin Kanya. A nan aka yi wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, Bakari da ƙanensa Haladu. Mahaifinsu bai bar musu saniya ko jirgin kamun kifi ba. Lambu ya bar musu a gaɓar kogi, da bishiyar lemun tsami ɗaya, da gwanda huɗu, da jigo biyu na jan ruwa. Na gabas na Bakari ne, na yamma na Haladu. Da ambaliya ta janye bayan kaka sai su shiga, su tsaga fangali-fangali, su dasa albasa da gauta da tattasai, su zuba alayyafo da kuɓewa, su bar kankana ta yi yaɗo a bakin yashi. Daga nan har saukar damina ba abin da mutum zai ji a wurin sai kukan jigo. A ja igiya guga ya nutse, a saki, curin lakar da ke gindin sandar ya ɗago shi cike, a juye a hanyar ruwa.

Jigon Bakari kukansa daban ne. Gwafarsa ta ɗan karkace, saboda haka in ya sauka sai ya yi ƙara doguwa ɗaya, in ya tashi ya yi gajeru biyu. Matarsa Falmata takan ce daga tsakar gida tana sanin ko maigidan na aiki ko ya zauna hutawa. Shi kansa Bakari ba shi da ƙaramin yatsan ƙafar dama, fartanya ta cire shi tun yana yaro. Duk da haka ba ya toshe bakin fangali da fartanya kamar kowa, da wannan ƙafar yake danne lakar.

Shekarar da Nasara suka ja hanyar jirgi daga Kano zuwa Nguru, aka aiko wa bulaman garin cewa kowane gida ya ba da mutum ɗaya. A gidansu sunan Haladu aka kira, don shi ne ƙarami kuma bai ajiye iyali ba. Haladu kuwa ya ga waɗanda suka dawo daga ɗiban farko. Ya ga wuyansu da ya saɓule saboda ɗaukar kwandon ƙasa, ya ji labarin gudawar da ke kwashe mutane a sansani.

Ranar da aka zo ɗaukarsa, bazara ce, rana ta take tsaka. Ruwan kogi ya ja baya, Haladu ya sauka ƙarƙashin gaɓa yana yashe ramin da guga ke faɗawa. Daga nan ya hango jajayen riguna biyu sun nufo lambun, ɗan aiken bulama na gaba. Bai yi shawara da kowa ba, har da zuciyarsa. Ƙafafunsa ne kawai suka kai shi cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, ya nutse har wuya.

Yana jin komai. Ya ji dogari ya ce, "Ina Haladu?"

Ya ji Bakari ya ce, "Ɗazu yana nan." Sannan ya ɗaga murya, "Haladu! Kai Haladu!"

Sau uku ya kira. Haladu ya cije leɓe, tsutsar ruwa na bin cinyarsa, bai motsa ba.

Dogarin ya ce, "Mu mutum ɗaya aka ce mu kawo daga gidan nan. Ko shi, ko kai."

Sai Haladu ya ji an saki igiya, jigon ya tashi da kansa, ƙara biyu gajeru. Takun ƙafafu ya yi nisa.

Sai bayan la'asar ya fito, fatarsa duk ta yi yaushi. A gida ya tarar da Falmata zaune bakin murhu, 'yarsu Umma a cinyarta, wuta ta mutu. Ya ce mata jaki ne ya tsinke, ya bi shi har tsallaken kogi. Kanta kawai ta gyaɗa. Ya yi niyyar gobe zai bi su ya karɓi yayansa. Goben ta zo ya ce sai an cire albasa, kada wahalar Bakari ta lalace. Aka cire albasa, sai ga shuka. Kafin gero ya kai gwiwa aka aiko wa bulama cewa Bakari ya rasu a sansani wajen Birniwa, an binne shi a can.

Falmata ta yi takaba ta gama, ta ci gaba da zama a gidan saboda Umma. Da can tsakaninta da Haladu wasa ne irin na matar wa da ƙanen miji, ta kira shi ragon gida, ya ce miyarta ba gishiri. Wannan duk ya mutu. Sai gaisuwa, sai ta ajiye masa akushi a bakin zaure.

Da ruwa ya sake janyewa Haladu ya shiga lambun shi kaɗai, ya noma ɓangarensa ya noma na yayansa. Amma jigon gabas bai taɓa shi ba. Ya gwammace ya ja doguwar hanyar ruwa daga nasa jigon har ƙarshen lambun, rabin ruwan na tsotsewa a hanya, yana ja tun asuba har kafaɗunsa su ƙage. Maƙwabtansa na lambu suka yi ta yi masa magana, ya ce gwafar ce ta ruɓe. Jigon na nan tsaye, kansa a sama, igiyarsa ta bushe ta yi fari, gugan ƙwaryar ya tsage.

Bazarar shekarar ta zo da zafi irin wanda ko ƙuda ba ya tashi da rana. Kogi ya tsinke ya koma tafki-tafki, shamuwa ta fara sauka kan kukar bakin gari. Ganyen albasa ya kwanta, alamar ta ƙosa, Haladu ya yanke mata ruwa don ta sha iska kafin a cire. Gauta kuwa da tattasai suna tsakiyar 'ya'ya, kullum bakinsu a buɗe.

Wata ranar Laraba ruwan ramin ya ƙare masa kafin ya kai ga gautar gabas. Ya ce bari ya jira ya taru. Ya je gindin lemun tsami ya kishingiɗa, ya rufe fuska da malfa. Sauran masu lambu duk sun tafi gida. Ba barci yake ba, yana ma jin ƙaiƙayin zufa a bayansa.

Sai ya ji ƙara doguwa ɗaya. Sannan gajeru biyu.

Bai ɗaga malfar ba. Ya ce a ransa wata tsuntsuwa ce. Ƙarar ta sake zuwa, ta sake, a natse, yadda mai aiki ke ja in ba ya sauri. Tsakanin kowace ƙara yana jin zubar ruwa. Ya ƙirga har goma sha huɗu, sannan ya fizge malfar ya miƙe.

Ba kowa. Jigon na tsaye kansa a sama, sai dai bakin igiyar na lilo a hankali, alhali ko ganyen gwanda ba ya motsi.

Ya taka zuwa wurin. Fangalin gauta shida a jiƙe suke sharkaf, ruwan bai ma gama nutsewa ba. Albasar da ke maƙwabtaka da su, wadda aka yanke wa ruwa, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Wanda ya yi wannan ban ruwa ya san aikin. A bakin fangali na ƙarshe an toshe hanyar da laka, an danne ta da ƙafa. Haladu ya durƙusa ya duba sawun. Yatsu huɗu.

Ya yi ta maimaita a'uziyya har harshensa ya bushe. Ya sa fartanya ya shafe sawun, ya tafi gida bai waiwaya ba.

Kashegari ya ƙi zama da rana, ya bi sauran mutane gida. Da ya dawo da la'asar ya tarar da tattasan gabas a jiƙe. Rana ta uku ya kwance igiyar da gugan ya jefa su tafki. Rana ta huɗu ya zauna ya zuba wa jigon ido, bai ƙifta ba, ba abin da ya faru. Da wuyansa ya gaji ya sunkuya ya cire ƙaya a ƙafa, sai ƙarar ta tashi a bayan kunnensa.

Ya sami liman bayan sallar azahar, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Malam, wanda ya rasu yana dawowa inda ya saba aiki?"

Liman ya dube shi ya ce, "Wanda ya tafi ya tafi, Haladu, yana inda Allah ya ajiye shi. Bakin ruwa da tsakar rana ba wurin zaman mutum shi kaɗai ba ne, akwai masu wurin. Ka yi wa ɗan'uwanka sadaka, ka riƙa karanta Falaƙi da Nasi." Har Haladu ya miƙe, liman ya ƙara da cewa, "In kuma akwai wata magana, ina nan." Haladu ya ce babu.

Ya yi sadakar, ya yi karatun. Ƙarar ba ta daina ba.

Ɓangaren gabas kuwa ya yi albarkar da ba a taɓa gani ba. Gauta ta yi 'ya'ya har rassan na jan ƙasa, sai da ya kafa musu sanduna. Tattasai ya nuna jawur, kowanne ya cika tafin hannu. Kankanar bakin yashi in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ganga. Masu wucewa suna tsayawa bakin shinge suna cewa tubarkalla. Shi kuwa in ya tsinko gauta ɗaya ya kai baki sai hannunsa ya tsaya. In Falmata ta kawo tuwo sai ya tambaya, "Kayan miyan nan na wane gefe ne?" In ta ce na gabas, sai ya ce cikinsa ba daɗi. Ya rame, idanunsa suka faɗa.

Ranar cirar albasa aiki ya yi masa yawa, Falmata ta bar Umma wurin maƙwabta ta zo taya shi. Yana tugewa yana tarawa, ita tana zaune a inuwar lemun tsami da wuƙa, tana yanke lawashi tana warewa gefe don a daka a yi gabu. Ƙamshin albasa da ɗanyar ƙasa ya cika wurin. Da rana ta take ya so ya ce mata ta tafi gida, bai san ta inda zai fara ba. Ya zo ya zauna nesa kaɗan da ita, ya ba jigon baya.

Ƙarar ta zo. Doguwa ɗaya, gajeru biyu.

Ya saci kallonta. Wuƙar ta tsaya a hannunta, amma ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, "Yau kwana goma sha ɗaya ke nan."

Ya ce, "Ke ma kina ji, Yaya Falmata?"

"Daga tsakar gida. Wa ya kai ni sanin kukan nan? Ranar farko har na ɗora masa ruwan wanka kafin na tuna." Ta goge ido da bayan hannu. "Na zaci kai ne ka gyara shi. Sai na leƙo ta shinge na ga ko igiya babu."

Suka zauna, ruwa na zuba a bayansu, ba wanda ya juya.

Ta ce, "Me ya rage masa a nan, Haladu? Ni dai na yafe masa duniya da lahira, kuma na san bai tafi da fushina ba. Kai ne ɗan'uwansa. Ko akwai abin da ka sani?"

Ya kusa faɗa mata. Sai ya fasa, ya ce, "Allah kaɗai ya sani." Ta dube shi, ta ci gaba da yankan lawashi.

Da albasar ta sha iska ya ɗora wa jakuna biyu mangala, ya ɗora kwandon gauta da gwanda a kai, ya kama hanyar Haɗeja tun da sassafe. A kasuwa ya sauke a layin 'yan gwari. Hantsi ya ɗaga sai ga wani mutum dogo, baƙi, da tsagen Barebari, yana ɗingisa ƙafa. Ya ɗauki albasa ɗaya yana juyawa, amma ba ita yake kallo ba.

Ya ce, "Wannan ta ina ce?"

"Ta Garin Kanya."

Mutumin ya ajiye albasar. "Alhamdu lillahi. Kasuwa uku ke nan ina bin masu albasa ina tambaya. Goshinku ɗaya da Bakari. Kai ne Haladu."

Sunansa Kolo, mutumin wajen Nguru. Tare suka yi aikin hanyar jirgi da Bakari, bukkarsu ɗaya, a hannunsa ya cika. Ƙarfen dogo ya faɗa masa a ƙafa bayan nan, ya yi wata da watanni a kwance, shi ya sa bai zo da wuri ba. Suka koma bayan wata rumfa suka tsuguna.

Kolo ya ce, "Saƙo ya ba ni, ya ce in faɗa maka kai kaɗai. Ya ce in gaya maka ya gan ka."

Haladu ya ji kasuwar duk ta yi shiru.

"Ya ce yana kan gaɓa, kai kana ƙasa cikin kacalla, ƙeyarka a waje. Ya ce shi ya sa ya juya ya fuskanci tudu yana ƙwala maka kira, don idon dogaran ya bi can, kada su dubi ruwa. Ya ce kai tun kana ƙarami cikinka ba ya jure baƙon ruwa, da ka je ba za ka yi sati biyu ba. Shi ya ɗauka zai iya." Kolo ya numfasa. "Ya ce kada ka zauna kana zaton bai sani ba, kada kuma ka zaci ya riƙe ka."

Haladu ya kifa kai a gwiwa. Kukan da bai yi ba ranar da aka kawo labarin rasuwar, shi ya yi a nan, bayan rumfar mai gishiri, mutane na wucewa. Kolo bai hana shi ba.

Da ya lafa ya ce, "Ya sha wuya?"

"Kwana huɗu. Ba ya ƙorafi. Abu ɗaya ne ya dame shi, yana ta faɗa, wai za a sa shi a inda ba nasa ko ɗaya da zai san wurin."

Haladu ya bar sauran kayan wurin wani maƙwabcinsa, ya roƙi Kolo ya bi shi gida. Suna isa ya wuce tsakar gida, ya tarar da Falmata na shanya tattasai a tabarma. Bai zauna ba. A tsaye ya faɗa mata duka, da kacallar, da kira ukun, da ƙaryar jaki, da saƙon Kolo.

Ta daɗe tana baza tattasan da tafin hannu, har inda ya riga ya bazu.

Ta ce, "Jaki ka ce mini."

"Na ce."

"Shekara guda ina ajiye maka akushi. Jiya-jiyan nan na tambaye ka."

Ta miƙe ta shige ɗaki. Ya yi tsammanin shi ke nan, amma da asuba ya tarar da ƙullin dawo da gorar ruwa a bakin zaure. Ta yi magana daga bayan zana, ba ta fito ba. "Shi ya yafe maka, wannan tsakaninku ne. Ni ban kai nan ba tukuna. Tafi ka gano mini inda uban Umma yake kwance."

Yini guda da rabi suka yi suna tafiya arewa, saboda ƙafar Kolo. Suka bar fadama da koren ta, suka shiga jigawa, sai yashi da aduwa. Sansanin ya tashi, aikin ya yi gaba wajen Nguru, ba abin da ya rage sai toka da fasassun tukwane. Kolo ya kai shi bayan tudun da aka ɗora dogo a kai. A gindin wata aduwa akwai kaburbura tara a jere. Ƙayar da aka rufa musu ta watse, iska ta kusa daidaita su da ƙasa.

Kolo ya tsaya, ya je farkon layin, ya dawo ƙarshe. Ya ce, "Na uku ne daga bishiyar. Ko na huɗu." Ya dafe kai. "Wallahi na sa alama da dutse. Ka gafarce ni, Haladu. A wancan satin kullum sai mun haƙa."

Haladu ya dubi na uku, ya dubi na huɗu. Ba abin da ya bambanta su.

Ya ce, "Sauran su wane ne?"

Kolo ya fara lissafi da yatsu. Bayan Bakari akwai Gambo, wani masunci daga Baturiya. Akwai Shu'ibu mai ƙira. Akwai Ja'afaru da wansa Bala, 'yan gari ɗaya. Huɗun da suka rage bai san sunansu ba, wasu ma kwana biyu kawai suka yi a sansanin.

Haladu ya tuɓe riga. Ya tara ƙasa da hannu ya tayar da kowane kabari, tun daga na fari har na tara, ya saro sabuwar ƙaya ya rufe su. Yana cikin yi wani jirgin aiki ya wuce a kan tudun, ɗauke da ƙarafa, ƙasa na girgiza, leburorin da ke kai suna kallonsu. Da ya wuce suka yi taimama suka yi salla, Haladu ya zauna tsakanin na uku da na huɗu ya yi addu'a, ya kira sunaye biyar ɗin, sauran ya ce bayin Allah da ke nan.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan farko ya same shi shi kaɗai, don Kolo ya wuce Nguru. Ya isa gida a jiƙe, ya kwatanta wa Falmata wurin, da aduwar, da tudun. Bai ɓoye mata cewa ba a san ko wanne ne ba.

Da safe kowa ya ɗauki sungumi ya yi gonar tudu. Haladu ya kwashe abin da ya rage a lambu cikin kwana biyu, da sassafe yake zuwa ya dawo kafin rana ta take. Ko ƙarar ta ci gaba ko ta daina, bai sani ba, bai kuma tambayi Falmata ba. Da kogi ya kawo ya shafe fadamar, jigon gabas ya tafi da ruwan.

Bayan kaka Falmata ta ɗauki Umma ta koma wurin danginta a Guri. Ta yi masa sallama da kyau, amma ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Duk bazara yakan kai musu kayan lambu da kansa, ta karɓa ta yi godiya.

Haladu ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa a lambun. Abin da mutane suka fi saninsa da shi kuwa, duk kasuwar da ya kai kaya, daga Haɗeja har Malam Madori, in ya ji an ce wane ya yi aikin hanyar jirgi, sai ya bar kayansa ya je ya tsuguna gabansa, ya tambaye shi ko ya san waɗanda aka binne a gindin aduwa kusa da Birniwa. Da haka ya samo sunan mutum uku, ya je har garuruwansu ya gaya wa danginsu inda suke. Na taran, har Allah ya karɓi ransa bai sami wanda ya san shi ba.